Daga aiki sai barci: yaya miji da mata za su tsara zamansu a ƙasar waje?

Tambaya: Wata takwas ke nan da na biyo maigidana wata ƙasa a arewacin Turai. Yana aikin karɓa-karɓa, wani makon da rana, wani makon da dare. Ni ina gida, ban sami aiki ba tukuna, ba mu da yara. Ranar hutunsa daga barci sai cefane, sai kowa ya kama wayarsa. Mun fara saɓani a kan abubuwan da ba su taka kara sun karya ba, ga hunturu yana ƙaratowa. Yaya za mu tsara zamanmu, mu riƙa samun abin ɗebe kewa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba?

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, kin shiga lokacin da zaman baƙunta ya fi nauyi ne. Tun a 1955 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Sverre Lysgaard, ya bincika 'yan ƙasarsu da suka je karatu Amurka, ya ga waɗanda suka yi tsakanin wata 6 da wata 18 sun fi sababbin zuwa da waɗanda suka daɗe shan wahalar sabo. Ba kowa ne ke bin wannan tsari ba, amma dalilinsa a fili yake: ɗokin sabon wuri ya wuce, sabo kuma bai zo ba.

A inda mutum ya tashi, aure yana da mataimaka da ba a lissafa su. Dangi, maƙwabta, tsofaffin ƙawaye da abokai, kowa yana ɗauke wani ɓangare na hira da lallashi da ba da shawara, ba tare da an nema ba. A baƙuwar ƙasa duk wannan kaya kan mutum ɗaya yake komawa. Maigidanki ya zama miji, ya zama ƙawa, ya zama tafinta, ya zama direba, ya zama banki. Dubi abin da ke faruwa a bakin ƙofa da yamma. Ya shigo, takalmi a jiƙe, ya yini yana magana da harshen da ba nasa ba, ba abin da yake so kamar shiru. Ke kuwa awa goma ke nan ba ki buɗe baki kin yi magana da ɗan Adam ba, kin tara labari da tambayoyi kina jiran ƙarar makulli. Kin fara magana, ya amsa da "to", kin ji haushi, shi ma ya ji an takura masa. Ba wanda ya yi laifi a cikinku. Maganin wannan kaɗai yana rage faɗa sosai: ku yi yarjejeniya cewa idan ya shigo a gaisa da fara'a, a bar shi minti 20 zuwa 30 ya yi wanka ya huta, bayan nan ya ajiye waya ya ba ki rabin awa cikakke. Sharaɗin biyu tare suke tafiya. Idan ya karɓi shirun bai biya hirar ba, tsarin ya rushe.

Amma gyara na gaskiya shi ne ki daina zama mai ƙofa ɗaya. Muddin ta hannunsa kaɗai kike ganin duniya, duk ranar da ya gaji ke ma duniyarki ta rufe. Don haka kafin a zo maganar shaƙatawa, akwai abubuwan da ya kamata su kasance a hannunki cikin wata guda: makullin gida naki, layin waya da sunanki, asusun banki da katinsa da sunanki, katin shiga bas ko jirgin ƙasa, rajista da likitan unguwa, da katin laburare. Fasfonki da takardar izinin zamanki su kasance inda hannunki zai kai a kowane lokaci, ki kuma ɗauki hotonsu ki adana. Ki haddace adireshin gidanku da lambar gaggawa: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya. Sannan ki koyi hanya uku ke kaɗai, ba tare da shi ba: ta kanti, ta asibiti, ta tsakiyar gari. Ranar farko ku je tare, shi yana biye ke kina gaba, ke za ki sayi tikiti, ke za ki danna ƙararrawar sauka. Rana ta biyu ki je ke ɗaya. Idan kin ɓata ba komai, haka ake sanin gari.

Ki kuma karanta abin da bizarki ta halatta, kada ki dogara da ji-ta-ji-ta, domin dokar ta bambanta ƙwarai. A Birtaniya matar da ta biyo mai bizar ƙwararren ma'aikaci tana da izinin yin kusan kowane aiki. A Amurka kuwa mai bizar F-2, wato matar ɗalibi, ba ta da izinin aiki sam. Idan harshen ƙasar ba wanda kika iya ba ne, ajin koyon harshe ya riga komai muhimmanci. A Jamus kwas ɗin da gwamnati ta tsara wa baƙi darasi 600 ne na harshe da 100 na sanin doka da tarihin ƙasa. Amfaninsa ya wuce harshen: yana ba ki dalilin tashi da safe, da mutanen da za ki riƙa gani kullum waɗanda su ma baƙi ne kamar ki. Lasin tuƙi ma yana da wa'adi da mutane da yawa ke mantawa: na waje yana aiki wata 12 a Birtaniya, wata 6 a Jamus, daga ranar da mutum ya zama mazaunin ƙasar.

Yanzu lissafin mako. Mako awa 168 ne. Ku zauna da takarda da biro ranar da jadawalin aikinsa ya fito, ku cire barci, aiki, zirga-zirgar zuwa aiki, girki, wanki da cefane. Abin da kuke nema shi ne awannin da dukanku kuke a farke, kuna gida, ba wanda ya galabaita. A makon aikin dare za ku tarar ba su wuce 'yan kaɗan ba, kuma yawanci tsakanin ƙarfe 3 na rana ne da 6 na yamma. To a nan ne za a kafa abincin da ake ci tare, ko da shi karin kumallo ne a wurinsa, ke kuma na yamma. Cin abinci sau ɗaya a rana a zaune tare, ba talabijin, ba waya, ya fi fita babba sau ɗaya a wata amfani ga aure.

Barcin mai aikin dare shi ne ginshiƙin duk wannan, kuma a nan aka fi kuskure. Jiki ba ya son barcin rana, saboda haske yana hana shi fitar da sinadarin da ke jawo barci. Ɗakin kwana yana bukatar labule mai kauri wanda ba ya barin haske, abin toshe kunne, da waya a kashe. Ya daina shan kofi ko shayi mai ƙarfi kamar awa 6 kafin lokacin kwanciyarsa. Kafin daren farko ya yi barcin awa ɗaya da rabi da la'asar. Babbar dabarar tana ranar da ya sauko daga daren ƙarshe: kada ya zarce da barci har magariba. Ya kwanta awa 3 zuwa 4, ya tashi wajen azahar, ku fita waje cikin haske, sannan ya kwanta da wuri da dare. Ranar zai ji nauyin jiki, amma washegari ya dawo daidai. Wanda ya kwana yini guda zai raba dare ido biyu, kuma hutun kwana biyu ya tafi a banza. Wannan ne dalilin da kike ganin ranar hutunsa ba komai sai barci.

Cefane da wanki kada su cinye ranar hutu. A mayar da su tsakiyar mako, ko a yi odar kaya masu nauyi ta intanet sau ɗaya a mako biyu. A Jamus dole ma a yi haka, tunda kantuna a rufe suke ranar Lahadi. Aikin gida kuma a raba shi da suna: wane ne mai fitar da shara, wane ne mai karanta wasiƙun hukuma, wane ne mai biyan kuɗin wuta. Zamanki a gida yanzu ba ya nufin komai naki ne har abada, domin ranar da kika fara aiki ko karatu, tsarin da aka saba da shi yana da wuyar sauyawa.

Sai hunturu, wanda kika yi daidai da kika ji tsoronsa. Sanyin ba shi ne babbar matsala ba, duhun ne. A Landan, wajen 21 ga Disamba, hasken rana bai kai awa 8 ba, kuma kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. A Sitokholm, babban birnin Suwidin, kusan awa 6 ne. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a Turai, sai ki ga dare ya riƙa yi da wuri farat ɗaya. Ƙarancin haske yana rikita agogon jiki, yana kawo yawan barci, kasala, kwaɗayin kayan zaƙi da ƙuncin rai. Wanda ke zaune a gida ya fi shiga haɗari, domin hasken cikin ɗaki, ko da an kunna duk fitilu, bai kai ko kusa da na waje ba, ko a ranar da gari ya yi hadari. Saboda haka ki ɗauki fita da safe kamar magani: minti 30 a ƙafa kafin ƙarfe 11, kowace rana, ko ana yayyafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kin ga wannan tafiya kaɗai ta biya.

Abin da ke hana baƙi fita shi ne rashin iya sa kaya, ba rashin kayan ba. Riga ɗaya mai kauri ba ta yi. Hawa uku ake yi: na ciki mai kama jiki, na ulu ko na roba, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Kada na cikin ya zama auduga, saboda tana shan gumi ta riƙe, sai sanyi ya kama mutum da zarar ya tsaya. Takalmi wanda ruwa ba ya shiga, safar hannu da hula sun fi jaket mai tsada muhimmanci.

Bitamin D ma dole ne. Daga Oktoba zuwa Maris rana a waɗannan ƙasashe ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da shi. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba da shawarar maikirogiram 10 a kullum a waɗannan watanni, mai baƙar fata ko mai rufe yawancin jiki kuma ya sha duk shekara. Kada babba ya wuce maikirogiram 100 a rana sai da umarnin likita. Akwai kuma fitila ta musamman mai ƙarfin luks 10,000 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne) da ake zama gabanta kamar minti 30 da safe. Tana taimaka wa wasu, amma mai ciwon ido ko mai shan maganin ƙwaƙwalwa ya tambayi likita tukuna, kuma ba a amfani da ita da dare.

Wani ƙaramin abu da ke jawo babban faɗa da mai gidan haya: idan kin tashi da safe kin ga ruwa ya taru a gilashin taga yana gangarowa, danshi ya yi yawa, kuma baƙar fumfuna tana tafe a kusurwar bango da bayan kabad. Numfashi, girki da shanya a ɗaki ne ke kawo shi. A buɗe tagogi wangwam minti 5 zuwa 10 safe da yamma, a bar ɗumin ɗaki kusan digiri 18, a janye kayan ɗaki kaɗan daga bangon waje, a rufe ƙofar kicin da ta banɗaki lokacin da tururi ke tashi. Barin taga a ɗan buɗe yini guda ba ya fitar da danshi sosai, bango kawai yake sanyayawa.

To, shaƙatawar kanta. Iri uku ce, kuma kowace tana bukatar gurbinta a mako: taki ke kaɗai, tasa shi kaɗai, da taku tare. Ma'aurata da yawa suna tsammanin tunda su biyu ne a ƙasar, dole komai a yi tare. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Wanda bai fita ya ga wani abu shi kaɗai ba, ba shi da labarin da zai kawo gida, kuma hirar mutum biyu da ba sabon labari takan koma lissafin kuɗi da tuna laifi.

Wajen samun ƙawaye, ki zaɓi abin da ake maimaitawa a rana ɗaya, wuri ɗaya, da mutane ɗaya. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya wallafa bincike a 2018 da ya nuna ana bukatar kimanin awa 50 tare kafin sani ya zama 'yar abota, kimanin 90 kafin ta zama abota sosai, fiye da 200 kafin aminci. Wannan lissafi yana bayyana dalilin da taron biki na rana ɗaya ba ya haifar da komai: an yi musayar lamba, an rabu ke nan. Ajin ɗinki ko na iyo na kowace Talata, aikin sa-kai a shagon agaji ko wurin rabon abinci, zaman hira na laburare don masu koyon harshe, wurin ibada, waɗannan su ne ke tara awanni. Aikin sa-kai yana da ƙarin riba, domin yana ba ki wanda zai tsaya miki shaida ranar neman aiki, sai dai ki duba ko bizarki ta yarda da shi. Ki je kowane abu sau 6 kafin ki yanke hukunci. Zuwa na farko da na biyu kowa baƙo ne, ba daɗi. A na huɗu ne wata za ta ce ba ta gan ki makon jiya ba.

'Yan ƙasarku da ke garin ni'ima ce, ku neme su. Shawarata dai kada su zama su kaɗai ne mutanenku. Ƙaramar al'umma tana da saurin yaɗa magana da gasar nuna samu, kuma wanda ya tsaya cikinta kaɗai zai shekara biyar harshensa bai motsa ba.

Fitar da za ku yi tare kuwa, rabin yini ɗaya a mako ya isa, amma a sa masa rana tun da wuri kamar yadda ake sa ranar ganin likita, kuma ku riƙa karɓa-karɓa wajen zaɓe: wannan makon ke, mako mai zuwa shi, wanda bai zaɓa ba ba ya ƙorafi. Idan an bar shi sai ranar, za a ƙare da "ina za mu?" da "duk inda kika ce" har rana ta faɗi. Binciken Arthur Aron da abokan aikinsa na shekarar 2000 ya nuna ma'auratan da suka yi sabon abu mai motsa rai tare sun fi jin daɗin zamansu fiye da waɗanda suka yi abin da aka saba. Sabon abu ba ya nufin mai tsada. Ku hau bas har ƙarshen layinsa ku sauka ku zaga. Ku koyi hawan keke ko iyo tare. Manyan gidajen tarihi na gwamnati a Birtaniya kyauta ake shiga tun 2001, sai dai kada ku ce za ku gama su a rana ɗaya: ɗaki biyu, awa ɗaya da rabi, ku fito da sauran ƙarfinku. Akwai parkrun, tafiyar kilomita 5 kyauta da ake yi kowace Asabar da safe a wuraren shan iska, wadda aka fara a Landan a 2004 ta bazu ƙasashe da dama. Ba dole a yi gudu ba, akwai masu takawa a ƙafa, kuma akwai ɗan sa-kai da ke tafiya a ƙarshe don kada kowa ya zama na baya. Don tafiya garuruwan kusa, Birtaniya tana da katin Two Together da ke rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgin ƙasa ga mutum biyu masu tafiya tare, Jamus kuma tana da tikitin wata-wata tun Mayun 2023 da ke shiga duk bas da jiragen ƙasa na kusa a faɗin ƙasar, ban da masu gudun dogon zango.

Kuɗi: ko da albashi ɗaya ne ke shigowa, a kasa shi ranar da ya shigo. Na haya da wuta da abinci, na ajiya, na aikawa gida, na shaƙatawa, sannan ɗan kuɗin aljihu daidai wa daida ga kowannenku, wanda ba a tambayar yadda aka kashe shi. Na shaƙatawa ko kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ne ya wadatar, muddin an ware shi. Na aikawa gida a yanke adadi guda, dangin ɓangare biyu a san rabonsu, abin da ya wuce haka sai an zauna an yarda. Aike a ɓoye yana cikin abubuwan da suka fi ɓata amana tsakanin ma'auratan da ke waje. Macen da sai ta roƙi kuɗin bas kafin ta fita, a hankali za ta daina fita.

Waya ma a sa mata iyaka. Kiran gida yana sanyaya rai, amma wadda ke yini a kan kiran bidiyo jikinta ne kawai a sabuwar ƙasa. Ki tsayar da lokaci, misali awa ɗaya bayan kin dawo daga tafiyar safe, da kiran iyaye tare da maigida sau ɗaya a mako. Ƙananan saɓani kuma kada a kai su gida da zafinsu. Ku za ku shirya kafin dare, su kuwa da ke nesa za su riƙe abin wata da watanni, ba su ga shirin ba.

Hutun shekara a Birtaniya kwana 28 ne ga mai aikin kwana biyar a mako, a Tarayyar Turai kuma bai gaza mako huɗu ba. Kada ku zuba shi duka a tafiya gida, domin ziyarar dangi daɗi gare ta amma ba hutu ba ce. Ku rage ko kwana biyar na ku biyu, zai fi kyau a Janairu ko Fabrairu lokacin da duhu ya fi gundura. Kafin sayen tikiti a duba takardu: izinin zama a Birtaniya ba ya shigar da mutum yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma daɗewa a waje yana iya taɓa izinin zaman kansa. A Jamus yawancin izinin zama yana mutuwa idan an wuce wata 6 a waje, a Birtaniya kuma mai neman zaman dindindin ta hanyar aiki bai kamata ya wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12 ba. Wannan ya shafe ki musamman, idan kewa ta sa kika yi tunanin zuwa gida ki daɗe.

Akwai inda tsarin mako ba ya isa. Idan kin yi mako biyu kusan kullum cikin baƙin ciki, abin da kike so da ya daina burge ki, barci ko cin abinci ya rikice, ko kina jin rayuwa ba ta da amfani, ki ga likita ba tare da jiran bazara ba, kuma ki nemi tafinta idan kina bukata. Haka shi ma maigidan, domin maza sukan ɓoye nasu a cikin ƙarin awannin aiki da yawan shiru. Idan kuma abin ya kai ga ana riƙe miki fasfo, ana hana ki fita ko waya, ko ana yi miki barazana da biza, wannan ya fita daga saɓanin zaman aure. A Ingila da Wales doka ta mayar da irin wannan danniya laifi tun 2015, kuma likitan unguwa yana iya haɗa ki da masu taimako a asirce.